Kasuwar da Ba Ta da Rumfa: Nazarin Cinikin Kayan Sallah a Chikaji da Sabon Garin Zariya

Wanda ya zo Zariya neman kasuwar biki irin ta Turai zai sha yawo bai same ta ba. Kasuwar Kirsimeti ta birnin Diresdan a Jamus ta samo asali tun 1434, kuma har yau idan Disamba ta kama akan kafa rumfunan katako a dandali, masassaƙa da masu kayan ƙawa su baje haja na 'yan makonni, mai saye ya zagaya ya ɗauki abin da ya burge shi. A Chikaji da Muciya da Samaru babu dandalin da ake keɓewa haka. Amma duk wanda ya ratsa waɗannan unguwanni a goman ƙarshe ta azumi ya san ana cin wata babbar kasuwa. Tana ci ne a shagon tela, da zauren mai wankin hula, da tsakar gidan mai kitso da lalle, da ɗakin matar da ke zaune da allura tun sallar asuba. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, mafi yawan abin da ake saye a wannan kasuwa aikin hannu ne da ba a riga an yi ba, kuma idan tsada ta zo, mai aikin hannun ne take fara ci.

Sai an san wurin kafin a gane cinikin. Sabon Gari ɗan layin dogo ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a wajen 1911, Turawa suka yanka fili nesa da ganuwar birni domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga Kudu. Samaru kuma ta girma ne da tashar binciken aikin gona, sannan da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Chikaji tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, unguwa ce ta masana'antu da ma'aikata da masu sana'a, ga ta kusa da babbar kasuwa, wadda aka sabunta gininta aka ƙaddamar a Janairun 2022. Wato a nan albashi da kanti suke. Tsofaffin sana'o'i kuwa, irin su aikin babbar riga da kayan doki, gidajensu suna cikin birni. Cinikin Sallah shi ke haɗa ɓangarorin biyu sau biyu a shekara.

Abu na farko da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne matsayin kayan Sallah a gidan Bahaushe. Ba kyautar ba-zata ba ce da mutum zai yi idan ya ga dama. Haƙƙi ne da kowa ya san da shi, har da adadinsa. Maigida zai yi wa matarsa da 'ya'yansa, idan mata biyu ne kuwa sai ya auna atamfa da atamfa, domin a nan ake fara ƙirga adalci. Saurayin da aka sa masa rana zai aika da kayan azumi gidan surukai, sannan na Sallah su biyo baya. Mai hali zai tuna da iyaye da ƙanne da marayun dangi da mai gadi. Yara su ma suna da nasu kason, wato barka da Sallah, wanda ake so a ba su da sabbin takardun kuɗi, shi ya sa ma sabon kuɗi ya zama haja a bakin bankuna. Ranar idi kuma kowa zai fito, kowa zai ga kowa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan ne ya sa tsada ba ta korar mai saye daga kasuwar. Saukowa take sa shi yi, mataki-mataki. Wanda ya saba yanka shadda Getzner sai ya koma wa 'yar Sin mai kama da ita. Mai kala uku ya koma kala ɗaya. Mai kala ɗaya ya yi wa yara kawai, shi ya kai tsohuwar rigarsa wanki da guga. Na ƙasa da shi ya nufi layin 'yan gwanjo da daddare. An ga wannan saukowa ƙarara a 2023. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris, mutane ba su gama farfaɗowa daga ƙarancin takardun naira ba. Aka yi ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki darajar naira a Yuni, babbar Sallah ta zo ranar 28 ga watan. Zuwa Disambar 2024 ƙididdigar hukuma ta nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Duk da haka babu shekarar da teloli suka kwana da wuri a daren jajibere.

To ina ragin yake faɗawa? Mai kanti ba ya iya rage kuɗin yadi, domin ba shi ya sa farashin ba. Kusan duk abin da ake ɗinkawa a Chikaji daga waje ya zo: shadda mai tsada daga Ostiriya, atamfa da leshi da yadin maza mafi yawansu daga Sin, sun biyo ta Kantin Kwari a Kano. Da can ba haka abin yake ba. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, kuma audugar ƙasar Zazzau da Funtuwa na cikin abin da ke ciyar da su. Ta farkon ta rufe a 2002, babbar cikinsu, UNTL, ta dakata a 2007. Tun daga nan farashin yadi a Sabon Gari ya zama ɗan amshin shatan dala. Abin da ya rage a hannun mutumin Zariya shi ne yanka da ɗinki da aiki da wanki da bugu. Shi ne kuma kaɗai wurin da mai saye yake da bakin cewa a rage masa.

Mu leƙa shago guda a daren ashirin da bakwai ga azumi. Kekuna uku ne a ciki, ɗaya na aiki, biyu na haɗi. Wuta ta ɗauke tun la'asar, ƙaramin janareto na ta ƙara a bakin ƙofa, kuma kowace awa da ya yi yana ci ne daga kuɗin ɗinkin da aka riga aka yi ciniki makonni uku da suka wuce, kafin mai ya ƙara kuɗi. A kan tabarma yaro ɗan koyo yana sa maɓalli yana gyangyaɗi, wani yana hura gawayin dutsen guga. Ledoji sun cika kusurwa, kowace an rubuta suna da awo a jikin wata 'yar takarda an cusa ciki. Sai ga wata dattijuwa da ƙunshi a hammata.

"Malam, ka taimaka, na jikokina ne, kala biyu kacal."

"Hajiya, wallahi na rufe karɓa tun goma ga wata."

"Uwarsu ce ba ta samu adashinta ba sai jiya."

Zai karɓa. Ya san ba zai gama ba sai an sauko daga idi, ita ma ta sani. Sunan da teloli suka yi na saɓa alkawari daga irin wannan daren ya fito, kuma a ganina an fi ɗora musu laifi fiye da kima. Tela yana samun babban kason kuɗin shekararsa ne a makonni kaɗan, ga kunyar maƙwabta, ga tsoron kada wanda ya mayar yau ya ƙi dawowa lokacin da shago zai yi tsit. Kuɗin mutane kuma ba sa zuwa da wuri: albashi sai ƙarshen wata, adashi sai an kai kan mutum. Aiki na taruwa a ƙarshen azumi ne saboda a nan kuɗi ke taruwa.

Tela dai yana ganin mai kaya ido da ido, yana iya riƙe riga har a cika masa. Wadda ba ta da wannan dama ita ce mai aikin hannu a cikin birni. Masana sun daɗe da sa ido a kan wannan sana'a. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kammala kundin digirinsa na uku a kan aikin tufafin Hausa a 1979, a lokacin da aikin babbar riga yake hannun maza, da yawansu malamai da almajirai. Elisha Renne ta Jami'ar Mishigan ta biyo baya ta nuna yadda abin ya juya tun wajen shekarun 1980: maza suka koma keken aiki da wasu sana'o'i, matan birnin Zariya suka karɓi allura a cikin gidajensu. Riga ɗaya takan bi ta hannuwa da dama. Mai jari ya sayi shadda da zare, tela ya yanka ya haɗa, mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari a jikin yadin, yaro ya kai cikin gida, mace ta zauna a kai makonni, wani lokaci watanni, gwargwadon cikar aikin. Daga nan sai wanki, sai masu bugu su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta har ta yi sheƙi, sannan dillali ya ɗauka zuwa Kano ko Kaduna ko Abuja.

A wannan jerin, wadda ta fi kowa daɗewa da rigar a hannu ita ce ta fi kowa nisa da mai saye. Ba ta san nawa aka sayar ba. Ladanta an yanke shi tun ranar da aka kawo aikin, kuma mudun masara ba ya jiran ta gama. Ga kuma injin aiki na kwamfuta da ya shigo shagunan Sabon Gari, wanda ke fitar da wuyan riga cikin awa ɗaya ko biyu. Mai ido ya san bambanci, amma mai ido da kuɗi a aljihu ba su da yawa, kuma mafi yawansu ba a Zariya suke zaune ba. An yi ƙoƙarin gajarta wannan tazara. Ƙungiyar mata masu aikin hannu mai sunan Sarauniya Amina, wadda aka kafa a 1994, ta juya zanen riguna zuwa kayan ado na gida da tufafin mata, har kayanta suka kai kasuwar sana'o'in hannu ta Santa Fe a Amurka. Abin yabo ne, sai dai mata ƙalilan ne ya shafa idan aka kwatanta da yawan masu riƙe da allura a birnin.

Akwai sana'ar da tsada ke yi wa rana. Mai wankin hula kasuwarsa na buɗewa ne daidai lokacin da ta mai sabuwar hula ke ja baya. Wanda ya kasa sayen zanna ko damanga sabuwa zai tattaro tsofaffinsa uku, a wanke, a sa musu sitaci, a kifa kowace a kan gungumen da ya yi daidai da kan mai ita, a jera a rana. Layin hulunan da ake gani a bakin titi ana saura kwana biyar Sallah ma'auni ne mai kyau na halin da aljihu yake ciki. Masu kitso da lalle su ma ba sa rasa ciniki, domin nasu aikin ba a shigo da shi daga Sin, ba a kuma sayensa a gwanjo.

Wani abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne tafiyar wata. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, saboda haka Sallah tana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. Zariya kuwa kasuwar manoma ce, mutanen Giwa da Makarfi da Soba da Hunƙuyi suna cikin masu cika Sabon Gari. Idan Sallah ta faɗo da kaka, rumbu a cike, ciniki yakan yi armashi. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo ranar 30 ga Maris, babba ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri. Rago da buhun taki suka yi karo a aljihu ɗaya, kuma a shekarar ce Nijar ta hana fitar da dabbobi ana dab da layya. Tsakanin Salloli biyun kimanin kwana saba'in ne kacal, shi ya sa ɗinki ya fi ƙarfi a ƙarama, a babba kuwa kuɗin sukan tafi turke.

Kirsimeti ba ta motsi, kuma a Sabon Gari tana da nata cinikin: kayan yara na kanti, takalma, shinkafa, kaji, da tsarabar masu tafiya gida Kudu ko Kudancin Kaduna. Telan da ya yi wa Musulmi ɗinkin Sallah shi ne dai yake yi wa maƙwabcinsa Kirista na Disamba, balle a Wusasa inda Hausawa Kiristoci suke tun 1929. A 2007 babbar Sallah ta zo ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ƙaramar kuma za ta sake matsowa kusa da ita a wajen 2033. Samaru tana da nata kalandar ta uku, ta ɗalibai. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya haɗiye Salloli biyun shekarar gaba ɗaya, shagunan da ke fuskantar ƙofar jami'a suka yi bikin babu masu sayen tsaraba. A 2020 kuma kullen korona ya hana hawan Sallah, masu gyaran sirdi da linzami da jalala a cikin birni suka rasa lokacin da suka saba samu.

Hausawa na cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, ana nufin mai saye. A zahiri bashin yana bin hanyar da kayan suka biyo, ya koma baya. Maigida ya karɓi riga da alkawarin cikon kuɗi a ƙarshen wata. Tela ya ɗebo zare da maɓalli da shafi bashi a kasuwa. Mai kanti ya ɗauko diloli a Kwari da sharaɗin biya bayan Sallah. Idan kuɗi suka fara shigowa a tsakiyar Shawwal, na Kano ake fara turawa, domin idan ba a biya shi ba babu kayan babbar Sallah. Sai mai zare, sai kuɗin haya. Yaron shago da matar da ta yi aikin wuya sukan zo a ƙarshen layi, sau da yawa ma sai an kawo mata sabon aiki ake haɗo mata da cikon na baya.