Tsofaffin Masaƙa na Greensboro da Dokar Shekaru a Amurka

A arewa maso gabashin birnin Greensboro, cikin jihar Carolina ta Arewa, ba nisa da babban titin nan na Wendover Avenue, akwai gine-ginen jan bulo na masaƙun Cone. 'Yan'uwa biyu, Moses da Ceasar Cone, su ne suka kafa masaƙar Proximity a 1896, suka ƙara da White Oak a 1905. Daga 1915 kamfanin Levi Strauss ya riƙa sayen yadin wandon jins a wurinsu.

A wancan zamani mutum kan shiga masaƙa yana saurayi, ya fita da furfura. Kamfani ne ke ba shi gida, shi ke gina makarantar 'ya'yansa. Amma babu dokar ƙasa da ta hana a sallame shi don ya manyanta. Sai a 1967 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna bambanci ga ma'aikaci mai shekara 40 zuwa 65. A 1978 aka ɗaga iyakar zuwa 70, a 1986 kuma aka cire ta gaba ɗaya ga yawancin ayyuka.

Daga wannan jiha ce wata shahararriyar shari'a ta taso. An kori James O'Connor daga aiki yana da shekara 56, aka ba mai shekara 40 gurbinsa. A 1996 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙararsa ba ta faɗi ba don kawai magajin nasa ma yana cikin waɗanda dokar ta kare.

A White Oak kuwa, kasuwa ce ta ɗaga darajar dattawa. Da masu saye suka koma son yadi irin na dā, masaƙar ta dogara ga tsofaffin injinan Draper na shekarun 1940. Sarrafa su da gyaransu sai wanda ya daɗe yana jin ƙararsu, har yakan gane matsala da kunne tun zare bai tsinke ba. Abin da babba ya hango, in ji Hausawa, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Duk da haka gwaninta ba ta iya tare yadi mai araha daga ƙetare ba. Kamfanin Cone ya karye a 2003, aka rufe White Oak a ƙarshen 2017, ma'aikata kamar 200 suka rasa aiki. Wanda ya san yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka durƙushe ya san irin wannan rashi. Doka takan hana korar dattijo saboda shekarunsa, amma iliminsa ba ya tsira sai an ajiye matashi kusa da shi tun injin yana juyawa.