Taswirar da Ta Zama Marainiya: Kaduna da Tarihin Tsara Ƙasa

A shekarar 1967 aka buga wani babban littafi a Landan mai ɗauke da shekaru uku a jere a bangonsa: 1917, 1967 da 2017. Tsarin birnin Kaduna ne, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko wani masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya shirya mata. Shekarar farko ita ce wadda Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, ta biyu ita ce ta kammala aikin, ta uku kuwa iyakar inda hangen masu tsarin ya tsaya. Na zaɓi bin sawun wannan tsari ne domin ina ganin ya isa misali a kan tambayar da ta shafi kowane gari mai bunƙasa: wa ke da alhakin shata yadda za a yi amfani da ƙasa, wa kuma zai riƙa komawa kan abin da aka shata idan zamani ya juya?

Kaduna gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da layin dogo, aka taso da hedkwata daga Zungeru. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba mazauna gida biyu: unguwar Turawa mai faffadan filaye da itatuwa, sai unguwannin 'yan ƙasa, a tsakani kuma fili mai faɗin yadi 440 da aka hana gini a cikinsa, wai don kare Bature daga zazzaɓin sauro. Wannan tsari bai tanadi wuri ga leburan da zai zo neman aiki da iyalinsa ba. Da masaƙu suka fara tashi a Kakuri daga 1957, sai ƙauyuka irin su Makera da Unguwar Rimi da Kawo suka cika suka batse, kowa na gina ɗakin haya inda ya samu. Ƙidayar 1963 ta ba garin mutum kusan 150,000.

A nan ne aikin Lock ya bambanta da na magabatansa. Tun a garin Middlesbrough na Ingila, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi suna da cewa ba ya zana titi sai ya san masu tafiya a kansa. Haka ya yi a Kaduna: aka bi gidaje ana tambayar yawan mutane da sana'arsu da inda suke ɗebo ruwa, aka auna zirga-zirga, aka nazarci tudu da kwari da bakin kogi. Daga nan aka yi hasashen yawan jama'a, aka ware wuraren zama da na masana'antu da na kasuwa da hanyoyin da za su haɗa su. Har yau haka ake shirya irin wannan tsari a ko'ina: bincike, hasashe, daftari, baje shi ga jama'a su kawo ƙorafi, sannan hukuma ta sa hannu. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne bita.

Bita ita ce ran tsari, domin hasashe ba wahayi ba ne. Turawan da muka ari dokarsu sun gane haka. Dokar tsara ƙasa ta Ingila ta 1947 ta ɗora wa majalisun ƙananan hukumomi shirya tsarin yankunansu, ta kuma wajabta musu sake duba shi duk bayan shekara biyar. Mu kuwa dokarmu ta 1946 an kwaikwayo ta ne daga tsohuwar dokar Ingila ta 1932. Wato mun karɓi rigar shekara guda kafin mai ita ya tuɓe ta, muka ci gaba da sawa har 1992.

Tsarin Kaduna bai ma samu sukunin tsufa a hannun mai shi ba. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Jihar Arewa ta rabu shida, cikin Yuli kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnatin da ta ba da aikin ta shuɗe a shekarar da aka miƙa shi. Birnin da aka tsara a matsayin cibiyar Arewa baki ɗaya ya koma hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, mai ƙaramin aljihu. Duk da haka garin bai daina girma ba. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai a 1980, kowannensu ya jawo dubban mutane da ba a lissafa da su ba.

To, ina ƙananan hukumomi a wannan labari? Gyaran 1976 ya ba su matsayin mataki na uku na gwamnati, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba musu aiki ta hanyar da ta bar giɓi. Filayen birni suna hannun gwamna, shi ne kuma mai ikon ayyana inda birni ya tsaya. Ƙaramar hukuma an bar mata filin karkara, tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Sai dai gari ba ya girma a tsakiyarsa, a gefensa yake girma, daidai inda gonar bara ke zama unguwar bana. A wannan tsakani, manomi ya sayar, dillali ya ja igiya ya yanka fuloti, mai unguwa ya shaida, aka yi gini. Awon igiya shi ne tsarin da ya haifi yawancin unguwannin bayan gari, kuma igiya ba ta barin filin makaranta ko magudanar ruwa, don ba mai biyan kuɗinsu. Wanda ya ga yadda Rigasa ta tashi daga ƙauye ta zama gari guda ya san abin da nake nufi.

Dokar soja mai lamba 88 ta 1992 ta so ta toshe giɓin. Ta tanadi hukumar tsara gari a kowane mataki, har da ƙaramar hukuma, ta ce a baje daftari ga jama'a kafin a zartar. A mafi yawan jihohi ba a kafa waɗannan hukumomi na ƙasa-ƙasa ba, a 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Iko ya tattaru a hedkwatar jiha. Birnin Kaduna a yau ya shimfiɗu a ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun, waɗanda tsarin mulki ya ba su kula da kasuwa da tasha da maƙabarta da raɗa wa tituna suna, amma ba su ne ke shata inda titin zai bi ba.

Sai a 2010 aka kammala cikakkiyar bitar tsarin 1967, shekara 43 bayan fitowarsa, aka miƙa hangen zuwa 2050. Lock ya rasu tun 1988, kamfanin da ke ɗauke da sunansa ne ya yi aikin. Kafin nan abubuwa biyu sun auku da taswira ba ta san da su ba. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa mutane sun yi ƙaura bisa addini, har kogin ya zama kamar iyaka tsakanin al'ummu biyu. Ambaliyar 2003 kuma ta shiga gidajen da aka gina a hanyar ruwa. Da ana zama duk shekara biyar a duba tsarin, da an ga ginin bakin kogi tun yana tubali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ya bushe sai rusau, rusau kuwa talakan da ya sayi fuloti da guminsa yake fara ci.

Na san za a ce ƙananan hukumominmu ba su da ƙwararru, ba su da kuɗi, wasu shugabanninsu ma su ne kan gaba wajen cefanar da filin kasuwa. Gaskiya ne, kuma birni mai hukumomi huɗu dole ya samu tsari guda daga sama. Amma jiha tana ganin gari ne a hoton tauraron ɗan'adam, bayan an riga an yi rufi. Kansila da mai unguwa su ne ke nan ranar da aka ja igiya. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, abin da nake ganin ya dace shi ne kowacce ta ɗauki ma'aikacin tsara gari, ta riƙe taswirar yankinta a inda kowa zai iya gani, doka kuma ta sa mata ranar bita da ba ta ɗaguwa. Shekarar 2050 ba ta da nisa: yaron da aka haifa a Rigasa ranar da jirgin ƙasa na Abuja ya fara tsayawa can, a 2016, zai kasance ɗan shekara 34, yana neman fulotin da zai gina wa iyalinsa.