Hukuncin alƙali: a ina yake tsayawa?



Wani kawuna ya taɓa ba wani mutum bashin shanu biyu a kasuwar Sara. Aka je kotu, kawu ya yi nasara. Kafin a zo karɓar kuɗin, mutumin ya kwashe kayansa ya koma jihar Bauchi. Kawu ya riƙe takarda a hannu yana tambayata, "To yanzu wannan mece ce amfaninta?" Tambayar nan tasa ce ta sa na koma tarihi.

Wannan matsala ta girmi kakanninmu. A ƙarni na 19, Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Sarkin Kano, kuma su ne bakin iyaka ta kudu. Wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa ya yi rigima da hukumar Kano kan kuɗin ƙasa, ya fice da mutanensa zuwa duwatsun Ningi. Daga nan Ningi ta zama ƙasar da ba ta bin Kano, ba ta bin Bauchi, har ma tana kawo hari kudancin Kano. Ka ga ke nan duk wanda ya shige can, hukuncin alƙalin Kano ya ƙare a gindin dutse. Babu dogarin da zai bi shi.

Yau fa? Tun 27 ga Agusta 1991 muna Jigawa, Kano kanta ta zama wata jiha. Amma sashe na 287 na tsarin mulkin 1999 ya ce hukuncin kotunan da ya kafa ana zartar da shi a ko'ina cikin Najeriya. Idan babbar kotu ce ta yanke, magatakarda zai ba ka takardar shaidar hukunci, ka kai ta kotu mai irin wannan matsayi a ɗaya jihar a yi mata rajista, ka rantse cewa ba a biya ka ba. Shi ke nan, ta zama kamar a can aka yanke. Kawu bai san da wannan hanya ba, ni ma a lokacin ban sani ba.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne ƙetare. Akwai dokar Turawa ta 1922 da har yanzu kotunanmu ke aiki da ita. Ta ba da dama a yi wa hukuncin babbar kotun Ingila, ko Gana, ko Saliyo rajista a nan cikin wata 12. Nijar ba ta ciki, don Faransa ce ta mulke ta. Wato hukuncin Landan ya fi na Maraɗi saurin shigowa Dutse! Wanda ya ci shari'a a Maraɗi zai iya buɗe sabuwar ƙara a nan, ya kafa hujja da wancan hukunci.

Shi ma wanda aka biyo yana da bakin magana. Zai iya cewa kotun can ba ta da hurumi a kansa, ko ba a kai masa sammaci ba, ko da zamba aka ci shi.

Najeriya da kanta ta taɓa zama wadda ake bi. A 2017 wani kwamitin sasanci a Landan ya ce ta biya kamfanin P&ID dala biliyan 6.6 kan kwangilar iskar gas ta 2010. Da kuɗin ruwa, abin ya kai wajen biliyan 11, kamfanin kuma yana neman izinin kama kadarorinmu a waje. Najeriya ta tsaya kan hujjar zamba. Ranar 23 ga Oktoba 2023, mai shari'a Robin Knowles ya yarda cewa an ba da cin hanci, kuma kamfanin ya riƙe takardun sirri na lauyoyin Najeriya. Aka rushe hukuncin.

Kawu dai bai je Bauchi da takardarsa ba. Wani dillali da ya san su duka biyun ne ya shiga tsakani, aka biya shi kuɗin saniya ɗaya, ya haƙura da ɗayar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.