Faifan da Ya Tara Dangi

Kiɗan electro-industrial kiɗan na'ura ne: ganga ta lantarki mai tsauri, ƙarar ƙarafa, da muryar da aka shaƙe da gangan. A shekarun 1980 manyan gidajen rediyo ba su cika sa shi ba, masu yinsa kuma a warwatse suke, wasu a Beljiyam, wasu a Jamus, wasu a Kanada. Abin da ya tara su shi ne faifan haɗaka, wato faifai ɗaya mai ɗauke da waƙoƙin ƙungiyoyi daban-daban.

A 1988 aka fitar da This Is Electronic Body Music. A cikinsa Front 242 ta Beljiyam ta zauna kusa da Skinny Puppy ta birnin Vancouver. Wanda ya saya don ƙungiya ɗaya sai ya koma gida da sunayen wasu da bai taɓa ji ba. Da haka mai sauraro ya gane cewa waɗannan baƙin juna dangi ne. Ƙananan kamfanoni suka ga riba, domin tallar mawaƙa goma a faifai ɗaya ta fi araha. Zoth Ommog na Jamus ya yi jerin Body Rapture, Dependent kuma ya yi Septic.

Faifan haɗaka ya kuma zama ma'ajiyar tarihi. Kamfanin Wax Trax! na Chicago ya karye a 1992, TVT ya saye shi. A 1994 aka fitar da Black Box, faifai 3 da suka tattara aikin shekara 13. Jim Nash, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin, ya rasu a 1995. Daga baya al'adar ta shiga aikin taimako: a 2010 Jim Semonik, wanda ya yi fama da cutar daji, ya haɗa Electronic Saviors a ƙarƙashin Metropolis don tara kuɗin yaƙi da cutar.

Yau manhaja ce ke jera mana waƙoƙi a waya, tana auna abin da muka riga muka so, ta ƙaro mana irinsa. Mai haɗa faifai kuwa mutum ne da ya sa sunansa da kuɗinsa a kan ƙungiyar da ba kowa ya sani ba. Jerin manhaja yana iya sauyawa gobe. Jerin 1988 yana nan yadda aka bar shi, yana shaida wa ya zauna kusa da wa.