Me Ya Sa Titin Sabuwar Unguwa Ba Ya Ɓullewa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai kai hatsi birni, ya aiko da wasiƙa yana tambaya: me ya sa a sababbin unguwanni sai mota ta shiga titi ta tarar da katanga, dole a juyo? Shin haka abin yake a ko'ina?

To malam, abin ya kusa game duniya, amma yana da asali.

A da, masu yanka birni sun fi son tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna kamar gidan dara. A 1573 Sarki Filib na Biyu na Sifen ya kafa doka cewa garuruwan da mutanensa za su gina a nahiyar Amurka su fara da dandali a tsakiya, tituna su tashi daga nan a miƙe. Birnin New York ma haka aka zana shi a 1811. Idan kun san Sabon Garin Kano, to irin yankan ke nan.

Mota ce ta sauya lamarin. A 1929 aka buɗe wata unguwa mai suna Radburn a jihar New Jersey ta Amurka, inda aka toshe ƙarshen tituna da gangan, don kada motoci su riƙa ratsawa ta ƙofar gida yara suna wasa. Niyyar mai kyau ce. Sai hukumar lamunin gidaje ta Amurka, wadda aka kafa a 1934, ta goyi bayan wannan tsari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwanni suka yi ta cin gonaki a bayan gari. Gidan da kake hange daga tagarka, sai ka tada mota ka yi zagaye kafin ka kai.

A 2020 wasu masana biyu, Barrington-Leigh da Millard-Ball, sun auna taswirar titunan duniya. Sun gano cewa a kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 134 mafi yawan jama'a, titunan da aka yi tun daga 1975 ba su kai na da haɗuwa da juna ba. Amurka ta ɗan fara gyarawa daga tsakiyar shekarun 1990. Bolibiya da Ajantina da Peru suna riƙe da gidan dararsu. Inda abin ya fi tsanani akwai Kudu maso Gabashin Asiya.

Labarin Bankok, babban birnin Tailan, shi na fi so manoma su saurara. Wurin gonakin shinkafa ne da magudanan ruwa. Da birni ya matso, mai fili sai ya tsaga ɗan layi daga babban titi zuwa cikin filinsa, ya yanka filoti, ya sayar. Maƙwabcinsa ma ya yi nasa. Layuka da yawa ba su haɗu ba, kowa sai ya fito babban titi ɗaya, ga cunkoso ba a magana. Mai tura kura da mai talla su suka fi shan wuya, domin tafiyar minti biyar ta koma ta rabin awa.

Gyara kuwa da wuya. Bayan gobarar London ta 1666 an kawo sabon zanen birnin, amma masu filaye suka sake gini a kan iyakokinsu, yawancin tituna suka zauna inda suke.