Jaguwa: Faɗan yanki da abubuwan da ke kashe damisar nahiyar Amurka

Jaguwa ita ce mafi girma a dangin kyanwa a nahiyar Amurka, kuma ta uku a duniya bayan damisar Asiya mai zane da zaki. Wanda ya san damisar Afirka zai ga kamanni tsakaninsu da kallon farko, sai dai jaguwa ta fi kauri, ta fi girman kai da gajarta ƙafafu, kuma a tsakiyar rodi-rodin jikinta akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe waɗanda damisa ba ta da su. Masana kimiyya suna kiranta Panthera onca. Ana samunta daga Meziko har arewacin Ajantina, ko da yake ta ɓace daga kusan rabin ƙasar da take yawo a cikinta a da, kuma ta ƙare ƙaf a El Salbado da Yurugwai. A dajin da take zaune babu dabbar da ke farautar babbar jaguwa domin ci. Saboda haka tambayar abin da ke kashe ta tana da amsa iri biyu: 'yar'uwarta jaguwa, da kuma ɗan Adam. Ta farko ce ta fi jan hankali a bidiyon da ke yawo a intanet, amma ta biyu ce ta fi cika kaburbura.

Yadda suke raba daji

Jaguwa dabba ce mai zaman kaɗaici, kuma kowace babba tana da yankin da take kewayawa. Girman yankin ya danganta ne da yawan abinci. A dajin Cockscomb na ƙasar Beliz, inda Alan Rabinowitz ya yi bincike a farkon shekarun 1980, yankin namiji bai wuce murabba'in kilomita 40 ba. A kudancin Pantanal, wato babbar fadamar nan da ta ratsa Brazil da Bolibiya da Faragwai, binciken da Sandra Cavalcanti da Eric Gese suka yi da abin wuya mai na'urar GPS ya nuna namiji yana riƙe da kimanin murabba'in kilomita 150, mace kuma ƙasa da rabin haka. A busasshen dajin Chaco, inda nama ya yi ƙaranci, yankin namiji ɗaya yakan kai ɗaruruwan murabba'in kilomita.

Waɗannan yankuna ba su da katanga. Na namiji yakan haɗe na mata biyu ko uku, kuma yakan shiga cikin na wasu mazan sosai. Abin da ke hana su gwabzawa kullum shi ne saƙon da suke bar wa juna: fitsari a kan ciyawa, kashi a tsakiyar hanya, karcen farce a jikin bishiya, da wani gurnani mai kama da ƙarar zarto da ake ji daga nesa da dare. Namijin da ya shinshina alamar da ba ta daɗe ba ya san maigidan yana kusa, sai ya sauya hanya. Ƙasa ɗaya suke takawa, lokaci ne suke rabawa.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin bakinta. Jaguwa tana da cizon da ke fasa ƙoƙon kunkuru, kuma sau da yawa takan kashe abin farauta ne ta hanyar huda ƙoƙon kai da fiƙoƙinta, ba ta hanyar shaƙe wuya kamar zaki ba. Namijin Pantanal yakan kai kilo 100 ko fiye. Idan biyu irin wannan suka haɗu da gaske, wanda ya yi nasara ma yakan tafi da raunin da zai hana shi farauta, kuma mai zaman kaɗaici ba shi da wanda zai kawo masa nama yana jinya. Shi ya sa yawancin haɗuwa ke ƙarewa da gurnani da mari da kora. Duk da haka tsofaffin mazan da masu yawon buɗe ido ke gani a bakin kogin Kuyaba suna ɗauke da shaidar faɗa a fuska: yagaggen leɓe, tsagaggen kunne, wani lokaci ido ɗaya.

Idan faɗan ya kai ga kisa

Abu ne mai wuya a tsinci gawar jaguwar da ta mutu a daji, domin zafi da ungulaye ba sa barin mushe ya kwana biyu. Abin da aka tabbatar ya fito ne daga 'yan lokutan da masu bincike suka isa wurin da wuri. A 2010 aka wallafa rahoton wata babbar mace a kudancin Pantanal da maza biyu suka kashe, suka kuma ci wani ɓangare na namanta. Kafin nan, a gandun dajin Emas da ke tsakiyar Brazil, an tarar da 'ya'ya biyu da wani namiji ya kashe, kuma gwajin ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2006 ya nuna shi ne ubansu.

Kashe 'ya'ya sananne ne a tsakanin manyan dangin kyanwa. Mace tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 100, ta haifi ɗaya zuwa huɗu, galibi biyu, ta yi renonsu har kusan shekara biyu, kuma a mafi yawan wannan lokaci ba ta karɓar namiji. Idan 'ya'yan suka mutu sai ta dawo neman barbara da wuri. Baƙon namijin da ya ƙwace yanki yana da riba ke nan idan ya halaka 'ya'yan wanda ya kora. Wani rahoto na 2017 daga arewacin Pantanal, wanda Fernando Tortato ya jagoranta, ya ƙara wani abu mai muhimmanci: an kashe ɗan jaguwa a kusa da wurin da ake zubar da mushen shanu, kuma marubutan sun yi tambayar ko tara mushe wuri guda, wanda ke janyo jaguwoyi da yawa su haɗu, shi ke ƙara haɗarin. Ko a faɗan da ake ɗauka na dabbobi ne zalla, ana iya ganin sawun mutum.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne samarin maza. Da zarar sun rabu da uwa dole su nemi wurin da babu mai shi, suna ratsa yankunan manya ana korarsu, har su ƙare a gefen daji inda gonaki da garken shanu da titunan mota suke.

Akwai kuma abin da ya saɓa wa tsohuwar fahimta. Bahaushe yana yi wa damisa kirari da “ƙi sabo”, kuma an daɗe ana yi wa jaguwa irin wannan kallo. Amma a tashar kare muhalli ta Taiamã a arewacin Pantanal, wani bincike na 2021 ya sami jaguwoyi fiye da 12 a kowane murabba'in kilomita 100, yawan da ba a taɓa gani ba a wani wuri, suna rayuwa kan kifi da kada, suna tafiya tare, suna kamun kifi tare. A 2022 kuma aka bayyana maza da ke ƙulla ƙawance biyu-biyu a Pantanal da filayen Llanos na Benezuwela, suna kare yanki tare, har wani ƙawancen ya haura shekara bakwai. Inda abinci ya wadata, faɗa yakan ragu.

Sauran haɗurran daji ba su da yawa. Garken aladun daji na iya yi wa jaguwa taron dangi, kada na iya karya mata fiƙa, dabbar nan mai cin tururuwa tana da faratan da ke farke ciki. Wadda ta tsira daga duk wannan takan yi shekara 12 zuwa 15, haƙoranta su lalace, yunwa ta ƙarasa ta. A gidan namun daji sukan haura shekara 20.

Bindiga da shanu

A shekarun 1960 ana fitar da dubban fatun jaguwa kowace shekara daga yankin Amazon zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Brazil ta haramta farautar namun daji a 1967, kuma yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta hana cinikin fatar tsakanin ƙasashe. Kasuwar fata ta durƙushe, amma kisan bai tsaya ba, dalilinsa ne ya sauya.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na Pantanal ɗin Brazil mallakar masu zaman kansu ne, mafi yawa gonakin kiwon shanu. A binciken Cavalcanti da Gese, shanu sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dabbobin da jaguwoyin suka kashe. Asarar gaskiya ce, musamman ga ƙaramin makiyayi da maraƙi ɗaya ke nufin kuɗin makarantar yaro. Martanin da aka saba shi ne karnuka da bindiga ko guba a cikin mushe, kuma tunda doka ta hana, a ɓoye ake yi. Tun a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da George Schaller da Peter Crawshaw suka fara bibiyar jaguwa da rediyo a gonar Acurizal, ma'aikatan gonar suka kashe wasu daga cikin dabbobin da ake nazari a kansu.

Rabinowitz ya gano wani abu a Beliz da ya kamata kowane mai bindiga ya sani. Da ya duba gawarwakin jaguwoyin da aka kashe saboda cin shanu, sai ya tarar mafi yawansu suna ɗauke da tsofaffin raunuka, da dama na harbin bindiga. Wanda ya harbi lafiyayyar jaguwa bai kashe ta ba ya mayar da ita gurguwar da ba ta iya kama naman daji, sai maraƙi. Haka nan kashe namijin da ya kafu a yanki yakan buɗe ƙofa ga baƙin maza, su yi ta faɗa a kan gurbin, 'ya'yan da ya bari kuma su shiga haɗari.

Lissafin kuɗi ma ba ya goyon bayan bindiga, aƙalla inda baƙi ke zuwa. Wani bincike na 2017 a yankin Porto Jofre ya ƙiyasta cewa yawon kallon jaguwa yana kawo kusan dala miliyan 6.8 a shekara, alhali asarar shanu a yankin ba ta wuce dala 121,500 ba. Matsalar ita ce masu masauki da jiragen ruwa ne ke karɓar kuɗin, makiyayi kuma shi ke binne maraƙi. Har sai an daidaita wannan rabo, lissafin ba zai shawo kan mai garke ba. A wasu gonakin an rage asara da shingen lantarki, da killace maruƙa da dare, da haɗa shanu da ɓauna masu tsayawa su kare garke.

Daga wajen 2014 wata kasuwa ta sake ɓullowa, ta fiƙoƙi. Hukumomin Bolibiya sun kama ɗaruruwan haƙora a cikin saƙonnin gidan waya da aka nufi China da su, kuma a 2018 an ƙwace fiƙoƙi 185 a wani shago a birnin Santa Cruz. Kowace jaguwa fiƙa huɗu gare ta, don haka wannan kamu ɗaya yana nufin dabbobi fiye da 40.

Wuta, titi da katanga

A 2020 gobara ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Pantanal bayan fari mai tsanani, kuma yawancin wutar mutane ne suka kunna ta domin share wurin kiwo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabbobi masu ƙashin baya kusan miliyan 17 ne suka mutu nan take. Gandun Encontro das Águas, wanda ya yi suna da yawan jaguwa, ya ƙone fiye da kashi 80 cikin 100. Wutar fadama tana ci ne ta ƙarƙashin ƙasa, dabba ta taka toka ta auka cikin garwashi. An ceto wani namiji da aka sa wa suna Ousado, aka yi masa magani aka mayar da shi daji a watan Oktoba na shekarar. Wata mace mai suna Amanaci kuwa ƙunar ta lalata jijiyoyin da ke fitar da faratanta, ba za ta ƙara farauta ba, tana zaune a wata cibiyar kula da namun daji a jihar Goiás.

A dajin gaɓar Atlantika, wanda noma da birane suka daddatsa, an ƙiyasta a 2016 cewa jaguwoyin da suka rage ba su kai 300 ba. A irin waɗannan tsibiran daji, saurayin da manya suka kora ba shi da inda zai nufa sai kwalta, kuma motoci sun sha kashe su a titunan da ke ratsa dazuzzukan yankin Iguwazu a Ajantina.

Can a arewa, a jihar Arizona ta Amurka, mace ta ƙarshe da aka sani an harbe ta ne a 1963. Tun daga lokacin maza ne kawai ke tsallakowa daga Meziko. Ɗaya daga cikinsu, Macho B, ya faɗa tarko a Fabrairun 2009, aka sa masa abin wuya aka sake shi. Bayan kwana 12 aka sake kama shi yana fama da ciwon ƙoda, aka kashe shi da allura. Bincike ya nuna da gangan aka janyo shi tarkon, kuma wani masanin dabbobi ya amsa laifi a kotu. Wani namijin, El Jefe, wanda kyamarori suka riƙa ɗauka a tsaunukan Santa Rita daga 2012 zuwa 2015, ya ɓace har aka ɗauka ya mutu, sai aka sake ganin hotonsa a jihar Sonora ta Meziko a 2021. Katangar ƙarfe da gwamnatin Amurka ke ginawa a kan iyakar ta riga ta toshe wasu daga cikin hanyoyin da irin waɗannan maza ke bi tsakanin ƙasashen biyu.