Ƙwallon Kwando da Tarbiyyar Matasa: Nazari a Kan Dokokin Wasa da Tsarin Horarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba iƙirarin da ake yawan yi cewa ƙwallon kwando na gyara halin matasa. An nazarci dokokin Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, wato FIBA, da ayyukan masana, da tsarin wasu shirye-shiryen matasa a Amurka da Nijeriya, sannan aka auna su da siffofin mutumin kirki a al'adar Bahaushe. An gano cewa wasan yana jarraba halin yaro, amma koci da tsarin da ya shimfiɗa su ne ke mayar da jarrabawar ta zama tarbiyya.

Fitilun kalmomi: ƙwallon kwando, matasa, tarbiyya, koci, mutumin kirki

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1891 James Naismith, malami a makarantar horarwa ta ƙungiyar YMCA da ke Springfield a Amurka, ya ƙirƙiro ƙwallon kwando domin ɗalibai su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Dokoki 13 ya rubuta. Daga ciki ya hana gudu da ƙwallo a hannu, ya kuma hana ture da riƙo da duka. Ke nan tun asali an gina wasan a kan miƙa ƙwallo ga ɗan'uwa da kame kai. Tambayar wannan bincike ita ce: shin waɗannan halaye suna bin yaro zuwa gida da aji, ko a fili suke tsayawa?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masana ba su yarda cewa wasa shi kaɗai na gina hali ba. Bredemeier da Shields (1986) sun nuna cewa mutane kan sassauta ma'aunin daidai da kuskure idan maganar wasa ake yi, har su halatta abin da ba za su yarda da shi a zaman yau da kullum ba. Coakley (2011) ya soki ɗaukar amfanin wasa a matsayin abin da ke zuwa da kansa ba tare da an tsara shi ba.

Hellison (1995), wanda ya daɗe yana aiki da yaran unguwannin talakawa a Chicago, ya kawo matakai biyar na tarbiyya ta hanyar wasa: girmama haƙƙin wasu, ƙoƙari, jan ragamar kai, taimakon wasu, da fita da waɗannan halaye waje da fili. Haka shirin ƙwallon kwando na tsakar dare da G. Van Standifer ya fara a Glenarden ta jihar Maryland a 1986 ya sa wasanni daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, lokacin da matasa suka fi faɗawa ɓarna, tare da sharɗanta halartar zaman bita.

3.0 Ra'i da Hanyar Bincike

An ɗora nazarin a kan aikin Kirk-Greene (1974) game da mutumin kirki, inda ya jero siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce, aka ɗauki kowace doka ko tsari aka duba wace siffa take bukata daga ɗan wasa, da kuma ta inda za a iya kauce mata.

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Haƙuri da Hankali

Filin FIBA mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, mutum goma ke gogayya a cikinsa. Ƙungiya na da daƙiƙa 8 ta tsallaka tsakiya, da daƙiƙa 24 ta yi jifa. Ɗan wasan da ya yi laifi biyar ya fita ke nan har a tashi. A ɗauki yaron da ke da laifi huɗu, saura minti uku, abokin karawa yana ta sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Idan ya rama, benci zai koma, 'yan'uwansa su ɗauki nauyin fushinsa. A nan sakamakon rashin haƙuri nan take yake bayyana, kowa na gani. Sai dai darasin ba ya zama sai kocin ya zaunar da shi bayan wasa ya tambaye shi inda irin wannan tsokana ke samunsa a makaranta ko a unguwa.

4.2 Gaskiya da Adalci

A wasan unguwa da ba alƙali, 'yan wasa ne ke faɗin laifi da bakinsu, wanda ya cika musu kuwa a hankali za a daina ɗaukarsa. A gasa abin ya sha bamban. Dab da tashi, ƙungiyar da ake ci takan yi laifi da gangan don a tsayar da agogo, kuma dabara ce da kowa ya amince da ita. Wannan shi ne sassaucin da Bredemeier da Shields suka bayyana. Mafi muni shi ne rage shekaru, matsalar da ta daɗe a wasannin matasa a Nijeriya. Kocin da ya sa ƙato cikin 'yan ƙasa da shekara 15 ya koya wa yaransa duka cewa kofi ya fi gaskiya daraja.

4.3 Amana da Mutunci

A salon 'yan uku-uku, wanda ya shiga gasar Olamfik ta Tokiyo, ba a yarda koci ya ba da umarni ana cikin wasa ba. Yara ne ke shawara, su canji juna, su ɗauki alhakin abin da ya biyo baya, wanda shi ne mataki na uku a tsarin Hellison.

Zariya ta ba da misalin mataki na huɗu. A can Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, shekaru 16 kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Sansanonin gidauniyar suna haɗa atisaye da darussan shugabanci da girmama mata, domin kaɗan ne daga mahalarta za su ci abinci da wasan. Sauran kuwa hali ne ribarsu.

4.4 'Yan Mata

A 2017 FIBA ta ɗage haramcin rufe kai a wasa, bayan fafutukar 'yan wasa irin su Bilqis Abdul-Qaadir. Wannan ya kawar da babban cikas ga 'yan matan Musulmi, domin yarinya ba ta da bukatar zaɓa tsakanin suturarta da fili. D'Tigress, ƙungiyar mata ta Nijeriya, ƙarƙashin koci Rena Wakama, sun kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Paris a 2024, abin da wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka ba ta taɓa yi ba. Gasar Milo ta makarantun sakandare kuma tana da rukunin mata da na maza. Abin da ya rage shi ne amincewar iyaye, ita kuwa tana rataye ne a kan samun mata masu horarwa da tashi daga atisaye kafin magariba.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa dokokin ƙwallon kwando suna tilasta haƙuri da hankali, amma gaskiya da adalci sun dogara ga manyan da ke gefen fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai inda hannu ya karkata nan zai bi. Don haka ana ba da shawarar a sa darasin tarbiyya cikin kwas ɗin masu horarwa, a ware mintuna na tattaunawa bayan kowane atisaye, a tantance shekaru da rajistar makaranta, a kuma ba kowane yaro damar shiga wasa a gasar ƙanana. Akwai bukatar binciken fili a makarantun Kano da Zariya da Jos, wanda zai bibiyi ɗalibai na tsawon zangon karatu, ya ji ta bakin malamai da iyaye, don a auna ko abin da aka koya a fili yana isa gida.